Fim ɗin da yabo ya fi shi, da wanda ya fi yabonsa: me za mu kira su da Hausa?

1/ Jama'a, duk inda ake musun fim za ka ji mutum yana Hausa tiryan-tiryan, da ya zo yanke hukunci sai ya ce "ai overrated ne", ko "wannan underrated ne". Ina so mu samar wa kalmomin nan biyu Hausarsu. Sharaɗina ɗaya: kalmar ta ɗora laifi a kan yabon da aka yi, kada ta ɗora a kan fim ɗin. Fim yana iya yin kyau, amma mutane su kai shi inda bai kai ba.

2/ Ta farko, wato overrated, ba ta da wuya. Muna da kururutawa, kambamawa da zuzutawa. Kururutawa ta fi zama da labari ko matsala, kamar a ce an kururuta rikici. Kambamawa kuwa ana yi wa wanda ya cancanta ma. Zuzutawa ce take ɗauke da ƙari a cikinta, da an ce "an zuzuta shi" ka san an sa gishiri. Don haka na tsaya a kan zuzutacce, zuzutacciya, zuzutattu.

3/ Me ke jawo zuzutawa? Babba shi ne son jarumi. A IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai, ana ba fim maki daga 1 zuwa 10, sai masoya su yi dafifi su danna 10, 'yan adawa su danna 1, wasunsu ko kallon fim ɗin ba su yi ba. Abin ya yi ƙamari har a 2019 Rotten Tomatoes, wani shafin sharhin fina-finai, ta hana masu kallo rubuta sharhi kafin fim ya fito. Wanda ya taɓa leƙa ƙasan fina-finanmu masu dogon zango a YouTube ya san halin, minti biyu da ɗora sabon kashi an riga an rubuta "ba a taɓa yin irinsa ba". Sai kuma ƙuruciya. Fim ɗin da ka kalla a gidan kallo kana zaune kan benci, janareta na ƙugi a waje, ba shi kaɗai kake yabo ba, har da zamanin.

4/ Ta biyun, wato underrated, ita ce ke da aiki. Rainanne bai yi ba, domin ba lallai a raina fim ɗin ba, wani lokaci ba a ma lura da shi ba ne. "An ƙware shi" ta dace ƙwarai, irin ƙwarar da ake yi wa mutum a rabo, amma da ka juya ta sifa sai ta koma ƙwararre, wato gwani, magana ta ɓace. Tauyayye kuma kunne zai ji kamar fim ɗin ne ke da naƙasa, alhali haƙƙinsa aka danne.

5/ Ku dubi Sholay, fim ɗin Indiya wanda iyayenmu suka haddace. Da ya fito ranar 15 ga Agusta 1975, masu sharhi sun kushe shi, makonnin farko kasuwa ta yi sanyi. Daga baya ya shekara 5 ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay. A bikin Filmfare, na karrama fina-finan Indiya, kyauta ɗaya tak ya samu, ta tace hoto, sai a 2005 suka dawo suka ba shi kambin fim mafi kyau na shekara 50. Haka The Shawshank Redemption a Amurka: ya fito a 1994, an kashe masa wajen dala miliyan 25, zagayen farko bai mayar da kuɗinsa ba. An sa shi takarar kyautar fina-finai ta Oscar a gurbi 7, ya tashi ba ko ɗaya, fim ɗin Forrest Gump ya kwashe mafi yawansu. Kaset na haya da talabijin ne suka farfaɗo da shi, ga shi ya daɗe a saman jerin IMDb. Finafinan nan ba su sauya ba, ma'aunin mutane ne ya gyaru. Dama ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Abin lura, yau akwai masu cewa shi Shawshank ɗin ya koma zuzutacce. Fim ɗaya ya ɗanɗani duka biyun.

6/ Shi ya sa a ganina kada mu matsa wa ta biyun sai ta zama sifa. Mu bar ta a aikatau: "an tauye shi". Da ka faɗa, mai ji ya san akwai wanda ya yi tauyewar. Sunan abin kuma tauye yabo, kishiyar zuzutawa. In ana son a taƙaice a baki, "ya fi yabonsa" ta wadatar, ɗayan kuma "yabo ya fi shi".

7/ Ga yadda za su zauna: "Fim ɗin ba laifi, amma zuzutacce ne." "Wallahi an tauye yarinyar nan, ta fi duk jaruman cikin iya wasa."

Malaman Hausa da 'yan uwa na Sakkwato, Katsina, Damagaram da Maraɗi, in karin harshenku yana da sifa guda da za ta riƙe ta biyun ba tare da ta jingina wa fim naƙasa ba, don Allah ku kawo ta tare da jimlar da kuka ji an yi amfani da ita.