Samma'a a kunne lokacin tattaki: me kuke sawa?

Baban Iman: Salamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce suga ya fara hawa, in riƙa tattakin minti 30 kullum. Na fara fita mamsha, wato filin tattaki, bayan isha'i, amma wallahi minti goma na ƙosa. Masu sa samma'a (abin sauraro na kunne), da gaske kiɗa na rage gajiya? Wace iri zan saya?

Nura Direba: Wa'alaikumus salam. Shari' Falasɗin, titin nan na Jidda, za ka, ka ce mai jure gumi kake so.

Abu Yasir: Yana ragewa Alhaji, amma ba ƙarfi yake ƙara maka ba. Hankalinka yake ɗaukewa daga ƙorafin da ƙafa da huhu ke kai wa ƙwaƙwalwa. Akwai wani malami a Jami'ar Brunel ta Landan, Costas Karageorghis, ya daɗe yana bincike a kai. A matsakaicin motsa jiki, jin gajiya na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. In gudu ya yi tsanani har ba ka iya magana, to kiɗa ba ya rufe komai. Sannan ƙafa da kanta take bin bugun, sai taku ya daidaita. Mai bugu 120 zuwa 140 a minti shi aka fi so.

Alhaji Ɗanjuma: Sai da Bature ya faɗa? Gangar noma fa? Ranar gayya in makaɗi bai zo ba, ai gonar kwana take.

Nura Direba: Baba rabonka da fartanya tun ana zuwa Jidda a jirgin ruwa 😂

Alhaji Ɗanjuma: Yaro man kaza.

Mamman Karantina: Ni dai a bi a hankali. Bara cikin Agusta muka fita Kornish da ɗan ɗakinmu, wajen ƙarfe goma na dare. Kun san Jidda a wannan watan, rana ta faɗi amma iska kamar an jiƙa bargo an lulluɓa maka. Gumi na zuba amma ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Yaron nan ya toshe kunnuwa biyu da wani kiɗa mai zafi, ya wuce ni. Ina ƙwala masa kira ya tsaya ya sha ruwa, ina! Ko waiwaye babu. Can na hango shi yana tangaɗi, ya dafa ƙarfen bakin teku, ya sulale. Da na iso fuskarsa ta yi fari fat, riga sharkaf, yana amai, waƙar kuma tana ta tashi daga samma'ar da ta faɗo ƙasa. Wani Basudane ne ya kira 997, lambar motar asibiti, muka ja shi gefe muna zuba masa ruwa. Sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti. Da ya dawo hayyacinsa ya ce ya ji jiri tun farko, amma yana so waƙar ta ƙare tukuna. To wannan gajiyar da ake cewa ana ragewa, wani lokacin ita ce ke ce maka tsaya.

Baban Iman: Subhanallah. Allah ya ƙara kiyayewa.

Abu Yasir: Amin. Maganar Mamman gaskiya ce. Kai kuma Alhaji, in an ɗora ka a kan maganin suga, sa dabino a aljihu. Ka ji rawar jiki ko gumi mai sanyi, cire samma'ar ka zauna.

Malam Isa: Duk na karanta. Muna maƙwabtaka da Harami amma ana tallar kiɗa a zaure? A ji tsoron Allah.

Sadiku: Allah gafarta Malam, ba fatawa aka nema ba.

Malam Isa: Sai an nema ake faɗar gaskiya?

Sadiku: To ai malaman ma sun yi saɓani.

Admin: Don Allah a bar wannan. Mun yi ta da azumi, har mutum biyu suka fita.

Abu Yasir: Malam akwai mafita ai. Anashid marasa kayan kiɗa ma suna yi, in dai suna da tsayayyen kari. Wa'azi ko labarai za su ɗauke hankali daga gajiya, sai dai ba za su saita maka taku ba.

Malam Isa: Wannan da sauƙi.

Sadiku: Ku tambayi Habashawan unguwarku labarin ɗan tserensu Haile Gebrselassie. A 1998 a Birmingham ya kafa tarihin mita 2,000 na cikin ɗaki, da waƙar da ta yi daidai da takunsa tana tashi a lasifika.

Nura Direba: Shi bai biya ta wajen mai ful da tamis ba in ya gama. Alhaji namu kuwa...

Baban Iman: Nura zan kama ka.

Usman Kandara: Ba wanda ya yi maganar kunne. Ni nawa na hagu ƙara yake yi har yanzu in dare ya yi shiru. A nadi, wato gidan motsa jiki, ga injina ga lasifikarsu, sai ka yi ta ƙara murya ba ka sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar sauti ta desibel 80, awa 40 a mako, shi ne iyakar babba. Kar ka wuce kashi 60 na ƙarar waya. In da hali ka sayi irin wadda ake ɗorawa a ƙashin gefen kunne, ramin kunnen a buɗe, kana jin mota da 'yan sukuta. Da ɗan tsada dai.

Mamman Karantina: Ko ka sa ɗaya ka bar ɗaya, ba ka kashe ko riyal ba.

Nura Direba: Ina da wata a mota, fasinja ya manta tun Hajji.

Malam Isa: Ka yi cigiya?

Nura Direba: Malam, ai mutumin ya koma Indunusiya 😭

Sadiku: Mu haɗu Juma'a bayan asuba mu taka tare mana, hira ta fi samma'a.

Alhaji Ɗanjuma: Asubar Juma'a? Ranar da bawa ke rama barci? Ku sa bayan isha'i.

Mamman Karantina: Bayan isha'i a wannan zafin ban da ni, sai Nuwamba.

Usman Kandara: Wai nawa riyal yau? Zan tura gida.