Yaya aikin edita yake a babban kamfanin buga littattafai?

Ɗan Gusau:
Assalamu alaikum. Na kammala digiri a fannin Hausa, kuma wani babban kamfanin buga littattafai da ke Ibadan ya kira ni aikin mataimakin edita a sashen harsunan gida. Ina roƙon waɗanda suka taɓa irin wannan aiki su bayyana mini yadda yake ta fuskar yawan aiki da albashi, da kuma ko mutum yakan samu damar hulɗa da marubutan adabi, domin abin da ya ja ra'ayina ke nan tun farko.

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Ka fara sanin cewa manyan kamfanonin ƙasar nan, irin su University Press da HEBN da Evans da Learn Africa, wanda a da ake kira Longman, da littattafan makaranta suke cin abinci. Saboda haka manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatun makarantun ƙasar nan, ce za ta riƙa jan ragamar aikinka, kuma akasarin marubutan da za ka yi hulɗa da su malaman makaranta ne da aka ba su kwangilar rubuta littafin firamare ko na ƙaramar sakandare.

Inda na yi aiki, mai tsara shafukanmu ba ya jin Hausa ko kaɗan, don haka duk wani ƙ da ɗ da ɓ amana ce a wuyana. Sai ka gama gyara tsaf, a sauya nau'in rubutu a kwamfuta, shafuka su dawo maka haruffan lanƙwasa sun zama ƙananan akwatuna, dole ka sake bi layi-layi da jan biro. Ga kuma rikicin raba kalmomi da haɗa su, wanda kowane marubuci yake ganin nasa ne daidai, musamman idan ya girme ka ko yana da digirin digirgir. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa babu tashi da wuri, tunda wajibi ne littattafai su isa sito kafin a koma makaranta a Satumba. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma ƙa'idojin rubutun da na ƙware a kansu a can su nake ci har yau.

Hajiya Mai Talla:
Ni a sashen tallace-tallace na yi, a reshen Kano. Ƙanena, kada ka raina wannan sashe, domin rahoton da muke kaiwa shi ke sa a sake buga littafinka ko a jingine shi. Mu ke bin masu makarantun kuɗi da kwafin dubawa, mu yi cinikin rangwame, mu ba da kaya bashi, sannan mu shafe zango guda muna bin kuɗin. Takarda daga waje ake shigo da ita, tunda masana'antun Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙata, saboda haka duk lokacin da dala ta tashi sai farashin littafi ya bi ta, masu buga na jabu kuma su cika kasuwa da mai araha. Shekarar da ciniki ya faɗi, ƙarin albashin kowa ne ke tsayawa, har da na editoci.

Malam Na Tudun Wada:
Game da adabi, zamanin da babban kamfani ke neman marubutan Hausa shi ne na kamfanin Gaskiya, da aka kafa a Zariya a 1945, da kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da ya biyo baya a 1966 da haɗin gwiwar Macmillan. Tun daga shekarun 1980 marubutan Kano da kansu suke buga littattafansu, yanzu kuma da dama daga cikinsu sun koma intanet. Ka karɓi aikin, amma kafin ka sa hannu ka tabbatar takardar ta fayyace ko na dindindin ne ko na kwangila, kuma ta ambaci fansho: dokar 2014 ta ɗora wa kamfani zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kai kuma a cire maka kashi 8. Ka kuma tambayi kuɗin haya a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, kafin ka amince da albashin.