Yaya zan amsa wa ɗana tambayarsa game da baiwar da aka raba da ɗanta?

Maman Ɗan Auta:

Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 7, kuma kwanakin baya na samo masa wani littafi mai hotuna, Love Twelve Miles Long, wanda Glenda Armand ta rubuta, Colin Bootman ya yi zanensa, aka buga shi a 2011. Labarin Frederick Douglass ne, bawan da daga baya ya tsere ya zama fitaccen mai yaƙi da bauta, lokacin ƙuruciyarsa a jihar Maryland ta Amurka, da mahaifiyarsa Harriet Bailey, baiwar da takan tako mil 12 a ƙafa cikin dare domin ta sa shi a idonta. Mun kai tsakiyar littafin sai ya ɗora yatsa a kan hoton uwar, ya ce: "Mama, me ya hana ta ɗauke shi su tafi gida?" Wallahi bakina ya mutu, na rufe littafin na ce masa dare ya yi. Shin in gaya masa gaskiya, ko in jira sai ya ƙara wayo?

Malamin Tarihi:

Wa'alaikumus salam. Malama, tambayar da ɗanki ya yi ita ce zuciyar al'amarin, kuma a ganina ya cancanci amsa. Douglass da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa na 1845 cewa bai ga mahaifiyarsa ba sai sau huɗu ko biyar, kullum da dare. Takan kwanta kusa da shi har barci ya ɗauke shi, kafin ya farka ta riga ta kama hanya, domin bulala ce hukuncin bawan da rana ta fito ba ya gona. Ta rasu yana da kimanin shekara 7, ba a bar shi ya halarci jinyarta ko binne ta ba. Ba sai kin zube masa duk wannan a zama ɗaya ba. Amma ki ce masa mutane ne suka hana ta, kuma dokar ƙasar a wancan zamani ta ɗauki uwa da ɗanta a matsayin dukiyar wani. Idan kika bar shi babu amsa, zai iya ɗauka cewa ita ce ba ta so, alhali littafin gaba ɗaya an gina shi ne a kan yawan son da take masa.

Mai Kula da Laburare:

Ina goyon bayan Malam, sai dai in ƙara da cewa a lura da littattafan da ke shafa wa bauta zuma. A watan Janairun 2016 kamfanin buga littattafai na Scholastic ya janye wani littafin yara game da Hercules, bawan da ke dafa wa George Washington, shugaban Amurka na farko, abinci, bayan da jama'a suka yi ca a kan yadda aka zana bayi suna ta murmushi. Wanda na fi ba iyaye shawara a kai shi ne Henry's Freedom Box na Ellen Levine, da zanen Kadir Nelson, na 2007. Labarin wani bawa ne, Henry Brown, wanda domin ya tsere ya sa aka rufe shi cikin akwatin katako a 1849, aka aika da shi daga Richmond zuwa Philadelphia, tafiyar awa 27. Yara suna murna idan aka buɗe akwatin, amma abin da ya kai shi ga shiga cikinsa shi ne sayar da matarsa Nancy da 'ya'yansu da aka yi a 1848, kuma bai sake ganinsu ba. Littafin bai ɓoye ranar da aka tafi da su ba, shi ya sa nake girmama shi.

Kakar Yara:

'Yata, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da kika zaɓa. Yaron da aka karanta wa labarin rabuwa da uwa a bakin barci, da tsoron rasa tasa uwar zai kwana. Ki karanta masa da rana, yana jingine a jikinki, ki tabbatar masa cewa Amurka ta haramta bauta a 1865 kuma babu mai zuwa ya raba ku. Ki haɗa masa da labarin Harriet Tubman, baiwar da ta tsere amma ta yi ta komowa tana fitar da danginta, har iyayenta tsofaffi a 1857. Bayan an 'yanta bayi ma, mutane sun shafe shekaru suna buga cigiyar iyayensu da 'ya'yansu a jaridu irin su Christian Recorder.

Maman Ɗan Auta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Mun sake buɗe littafin jiya da hantsi, na ba shi amsa kamar yadda Malam ya faɗa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko ƙafafunta ba su yi ciwo ba. Na ce lalle sun yi, sai ya ce mu koma shafin farko mu ƙirga mil ɗin tare da ita.