Za mu tare a Damagaram da yara huɗu: wace unguwa, wace lakwal?

Ɗan Magarya: Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Damagaram, ina so iyali su tare kafin a koma lakwal a watan Oktoba. Babbar ƴata za ta shiga 6e, ajin farko na sakandare, biyu suna azuzuwan CE2 da CP na firamare, autan yana goye. Dillali ya nuna mini gida mai ɗaki uku da fili a bakin gari, haya da sauƙi. Ku da kuka riga ni, me kuka gani?

Maman Ƴan Biyu: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka ƙirga ɗakuna, murɗa pampo. Kuma kada ruwan damina ya ruɗe ka, matan maƙwabta za ka sa a tambaya yadda suke yi a Afrilu da Mayu. Garin nan bisa dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo-Machaya, Arunguza da Ganaram. Gidanmu na farko kan tudu yake. Mai gidan ya rantse ruwa na zuwa, kuma bai yi ƙarya ba: ƙarfe uku na dare yake zuwa, siriri kamar tsinke. Shekara biyu na yi ina barci rabi da rabi, bido goma jere a gindin pampo, da na ji ya fara tari sai in zabura. Ranar da bai zo ba sai ƴan ga-ruwa, su ma da bazara sai da magiya. Abin da muka rage a haya, kurar ga-ruwa ta cinye shi tas.

Mushe mai ritaya: Ɗana, lakwal ake fara nema, sannan gida. Ƴan firamare suna zuwa da safe, su dawo cin tuwon rana, su koma da yamma. Sawu huɗu ke nan a rana, cikin zafin Damagaram. Ka taka hanyar da ƙafarka, ba bisa babur ba, ka ga ko yaron CP zai tsallaka kwalta. Hanyar Tanut tankokin mai ke bi daga matatar mai, ga ƴan kabu-kabu, ranar Alhamis kuwa kewayen kasuwar Dole babba ma sai ya yi hattara.

In ka shiga wajen darakta, kada ka tsaya a ofis. Roƙe shi ya kai ka ajin da za a sa yaron. Ƙirga kawuna, ƙirga tebura, ka duba ko ajin gini ne ko na zana. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da gobarar azuzuwan zana ta ci yara ƙanana a Yamai a watan Afrilu, ta sake ci a Maradi a Nuwamba. Ka taho da takardun haihuwa da takardar canjin lakwal tun daga Magarya, kada ka zo kana zirga-zirga ana cikin karatu.

Hajiya ta Birni: Ni dai Birni aka haife ni, nan na aurar da ƴaƴana. Yaro ba ya ɓata a nan, in ya yi ba daidai ba a lungu kafin ya iso gida labari ya riga shi. Makarantar allo kuma ko'ina akwai. Sai dai gidajen ƙasa ne da yawa, a duba gindin katanga da indararo. Tsohon masallacinmu ma ruwan 2024 ya kayar da shi. Kuma in kana da mota, wani lungun ba za ta shiga ba.

Baban Auta: Ni kwalliyar fenti ta ja ni. Na sa yara a wata lakwal mai zaman kanta, ƙofa mai kyau, riga iri ɗaya, kuɗi kashi uku a shekara. Kafin hutun ƙarshen shekara an canza wa ɗana malami sau uku. Yanzu suna ta gwamnati, ɓangaren faransanci da larabci, na ɗauki wani ɗalibin jami'ar André Salifou yana yi musu bita da magariba. Ban ce duk masu zaman kansu haka suke ba, amma ka tambayi iyaye shekara nawa malamin ajin ya yi a wurin.

Maman Ƴan Biyu: Na manta: ka koma unguwar bayan isha'i ka ga fadar samarin da ke kusa da ƙofar gidan. Wata fadar shayi ne da hira, su ne ma masu gadin layi. Wata kuwa ba za ka so ƴarka ta bi ta gabanta ba.

Ɗan Magarya: Allah ya saka da alheri. Jiya na koma gidan. Na murɗa pampo, iska ce ta fito. Wata dattijuwa a maƙwabta ta yi dariya ta nuna mini tulin bido a zaurenta. Daga can zuwa CEG, wato ƙaramar sakandare, mafi kusa na yi minti arba'in da ƙafa. Na ce wa dillali ya duba mini wajen Zango ko Sabon Gari, ko da ɗaki biyu ne. Mushe, in na samo lakwal biyu zan turo maka sunayensu ta waya ka zaɓa mini.