Shawarwari ga mai koyon ninka tsuntsun tsuru (mai kama da gauraka) da takarda

Masu sanin origami, fasahar ninka takarda ta Japan, sun yarda mai koyo ya fara da takardar kami (takardar origami mara kauri) mai santimita 15 kowane gefe. In gefe ɗaya ya ɗara ko da ƙiris, bakin tsuru ba zai yi tsini ba. A danne kowane layi da farce.

Inda aka fi kuskure shi ne ninka gefuna zuwa tsakiya: a bar 'yar tazara, in ba haka ba takarda ta yi kauri ta yage wajen ɗaga wuya.

Dabarar Akira Yoshizawa, gwanin origami ɗan Japan, ta ɗan jiƙa takarda sai mai kauri irin washi (takardar gargajiya ta Japan), kami kam lalacewa take. Mai son cika senbazuru, tsuntsu 1000, ya zarga 40 a kowane zare, zare 25.