Jitar da na haɗa da masaki ta tsage: fata zan sa mata ko katako?

Kafintan Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'a. Ni kafinta ne a Zariya, kujeru da ƙofofi ne abincina, amma shekara uku ke nan masu kiɗan biki na kawo mini jitocinsu idan wuya ya karye ko jaki (ɗan katakon da tsirkiyoyi ke zama a kansa) ya ɗago. Bara da damina na ce bari in haɗa tawa tun daga farko, kuma ba irin ta kanti ba. Kakana na wajen uwa makaɗin gurmi ne, kuma har yau ban ji jitar da ke da wannan amo mai kauri da ke fitowa daga cikin duma ba. Shi nake nema.

Na sayi masaki mai faɗin santimita 38, na kankare cikinsa, na rufe bakin da allon malaina da na goge har ya koma milimita 3. Wuya na madaci ne, na ɗaure shi da sukurori biyu a jikin wani guntun katako da na manna a leɓen ƙwaryar ta ciki. Jaki kuma na manna shi da gam a kan allon, na ɗaura tsirkiyoyin ƙarfe shida. A watan Agusta na gama.

Wallahi wata huɗu tana kuka mai daɗi, musamman tsirkiyoyin nan uku masu kauri. Da hunturu ya kankama a Janairu, wata safiya na buɗe shago na tarar jakin ya ɗaga ta baya har farce na shiga ƙarƙashinsa, ƙwaryar kuma ta tsage daga inda wuya ya kama, tsawon yatsa. Na zauna na daɗe ina kallonta.

Na samu wani masakin. Tambayata: in daina wahala da katako in ɗaura fatar akuya kamar yadda iyayenmu ke yi, ko ƙwarya ce dai ba za ta iya ɗaukar tsirkiya shida ba?

Baba Mai Gurmi

Wa alaikumus salam. Ɗana, ƙwaryarka ba ta yi laifi ba, kai ka ɗora mata kayan da ba nata ba. Ka tuna gurmin kakanka da kyau. Ina sandar take tsayawa? Ba a leɓen duma take ƙarewa ba, ratsawa take yi ta wuce, tsirkiya kuma a jikin sandar ake ɗaure ta, sama da ƙasa. Goge ma haka yake. Duma aikinsa ya riƙe iska ya mayar da amo, sanda ke ɗaukar ja. Jaki kuwa ba a manna shi, tsirkiya ce ke danne shi ya zauna.

Sannan kada ka yar da wadda ta tsage. Ka huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ka kai wa gyartai ya ɗinke. Na kaɗa gurmi mai ɗinki shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ji a kunne. In ka je sayen masaki kuma, ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ka ɗauki wanda ya nuna sosai a gona kafin a yanke. Wanda aka yanka ɗanye launinsa fari-fari ne, kuma ba ya jure rani.

Ni dai fata zan ce maka. Katako a bakin ƙwarya baƙo ne.

Malamin Lissafi

Maganar Baba ta sanda ita ce gaskiya, bari in sa mata lamba. Tsirkiyoyin ƙarfe shida irin na jitar kanti, idan aka ɗaure su daidai, jan da suke yi ya kai wajen kilo 70. Wato kamar ka rataye babban mutum a leɓen ƙwarya dare da rana. Na roba irin na jitar Sifaniya wajen kilo 40 ne. Idan kuma ka bar jaki a sake, ka ɗaure tsirkiyoyin a gindin sandar da ta ratsa, abin da zai danna allon ɗan kaɗan ne daga cikin wannan. In tsirkiya ta karya a kan jaki da kusurwar digiri 10, kilo 40 ɗin nan abin da zai sauka a kan allo bai wuce kilo 7 ba.

Tun da masakinka bai kai jikin jita girma ba, ka rage tsawon tsirkiya. Na jitar Sifaniya milimita 650 ne daga kan wuya zuwa jaki. Ka mayar da shi 580, ja zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar ba tare da ka sauya tsirkiya ba. Sai dai dole ka sake lissafin ƙarafan wuya, wato waɗanda ke gicciye inda ake danna tsirkiya, kada ka kwafa daga wata jitar. Ka raba tsawon da 17.817, abin da ya fita shi ne nisan ƙarfe na farko, wato milimita 32.6. Ka cire shi daga 580, ka sake raba saura, haka har ƙarshe. Ƙarfe na 12 dole ya faɗi a tsakiya cif, a kan 290. In bai faɗi nan ba, an yi kuskure a hanya, ka koma baya.

Game da tsagewar kuwa, ba ja kaɗai ba ne. Ka manna allon a Agusta, lokacin da katako ya sha laima ya kumbura. Da hunturu ya zo ya tsuke ta faɗinsa, ƙwarya kuma ba ta tsuke daidai da shi ba, sai suka shiga jan juna. Masu haɗa jita a Turai da Amurka suna riƙe laimar shagonsu wajen kashi 45 cikin ɗari saboda wannan. Mu da ba mu da na'urar daidaita laima, dabararmu ita ce a yi manni da rani. Abin da aka haɗa a bushe, in damina ta zo ɗan kumburi zai yi, ba zai fashe ba.

Inda na saɓa da Baba, da girmamawa, shi ne maganar fata. A 1862 wani maƙerin jita a Sifaniya, Antonio de Torres, ya yi jita da bayanta da gefenta na kwali, fuskar kaɗai ya yi da katakon kirki, don ya nuna cewa a fuska amo yake. Tana nan a gidan adana kayan kiɗa na Basalona. Ma'ana ƙwarya a baya ba za ta hana ka samun jita ba, amma in ka sa fata a fuska, banjo ka haɗa. Ba aibu ba ne, banjo ma asalinsa daga kayan kiɗan duma da fata ne da bayi 'yan Afirka ta Yamma suka riƙa haɗawa a ƙasashen Karibiyan da Amurka. Sai dai amonsa tsalle yake yi ya mutu nan take, ba ya jan numfashi kamar na jita.

Ɗan Agadas

Maigida sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Ni makaɗi ne, ban iya zarto ba, amma ga abin da hannu ya gaya mini. Na taɓa riƙe wata mai fata da wani abokina ya haɗa. A nan Agadas lafiya lau take. Muka je biki Gaya da damina, kafin la'asar fatar ta saki, jaki ya nutse, tsirkiyoyi suka kwanta a kan ƙarafa suna zizara. Sai da muka kara ta kusa da garwashin mai shayi kafin ta dawo. Mai gurmi bai damu da wannan sosai ba, don sandarsa ba ta da ƙarafa. Kai kuwa da ƙarafa, milimita ɗaya in ya sauka ka ji shi.

Abu na biyu, ba wanda ya faɗa maka: bayan ƙwarya sulɓi ne da shi. In ka zauna ka ɗora ta a cinya, fuskar sama take juyawa tana gudu. Jitocin kamfanin Ovation masu zagayayyen baya ma haka suke yi wa mutane. Ka manna guntun fata mai kaushi inda take taɓa cinya, ko ka sa mata maratayi tun yanzu.

Kafintan Sabon Gari

Allah ya saka da alheri. Baba, da na karanta maganarka sai na ga gurmin kakana a idona, ƙarshen sandar yana leƙowa ta gindin duma da igiyar fata a naɗe. Shekara nawa ina ganinsa ban tambayi dalili ba.

Ga yadda na tsara. Wuyan madaci guda ɗaya zai ratsa masakin ya fita ta gindi, in rage shi ta sama a ciki yadda ba zai taɓa allo ba. Tsawo 580, tsirkiyar roba, jaki a sake. Zan lanƙwasa siririn katako in zagaye leɓen ta ciki don allon ya samu wurin kamawa, kuma ba zan manna ba sai Fabrairu. Ramin amo ba zan huda shi a tsakiyar fuska ba, tun da nan ne jaki zai danna, zan fitar da shi a gefen ƙwaryar ta ɓangaren da ke kallon makaɗi.

Tsohuwar kuma jiya na kai wa gyartai a kasuwa, ya ce in dawo ranar Laraba. Ita zan ɗaura wa fatar akuya, Baba, da tsirkiya huɗu ba ƙarafa, in ajiye su gefe da gefe in ji wacce ta fi kusa da abin da ke kunnena. Malam, in na gama lissafin ƙarafan zan turo maka ka duba kafin in sa zarto.