Me ya sa fim ɗin Great Expectations na 1946 ya sauya ƙarshen labarin?

Sani:
Assalamu alaikum. Na karanta littafin Great Expectations na Charles Dickens tun ina sakandare, amma sai makon jiya na kalli fim ɗinsa da David Lean ya ba da umarni a Ingila a 1946. Ƙarshensa ya ɗaure mini kai: Pip, jarumin labarin, ya koma gidan attajira Miss Havisham, ya tarar da Estella, 'yar riƙonta da yake so, zaune cikin duhu, ya yaye labulen tagogi, suka fita tare. Shin wannan bai saɓa wa manufar marubucin ba?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Shi kansa Dickens bai tsaya a kan ƙarshe ɗaya ba. A rubutunsa na farko, Pip da Estella sun gamu ne na ɗan lokaci a kan titi a Landan bayan ta sake aure, kowa ya kama gabansa. Sai da abokinsa Edward Bulwer-Lytton ya ba shi shawara ya rubuta wanda aka buga a 1861, inda suka haɗu a kangon gidan. Lean ya bi ƙofar da mai littafin ya riga ya buɗe ne.

Hajiya Binta:
Allah ya gafarta Malam, a ganina Lean ya wuce gona da iri. A littafin, Estella ta auri Bentley Drummle, ta sha wuya a hannunsa har ya mutu, kuma wannan wahalar ce ta tausasa zuciyar da Miss Havisham ta horar don ta azabtar da maza. A fim ɗin kuwa an fasa auren tun kafin a ɗaura, saboda haka sauyawarta ta zo ba tare da dalilin da zai gamsar da wanda ya karanta littafin ba. Wannan ya fi damuna a kan cire Orlick, mugun da ke gaba da Pip a littafin, da aka yi a fim ɗin.

Sani:
Na gode, Malam. Hajiya, hujjarki ta fi kama hankalina. Duk da haka farkon fim ɗin, inda fursuna Magwitch ya cafke yaro Pip a maƙabarta, ya razana ni fiye da yadda karatu ya taɓa yi, kuma ban yi mamaki ba da na ji Guy Green ya karɓi kyautar Oscar saboda ɗaukar hotonsa. Zan sake karanta babin ƙarshe a daren nan.